Shekara Uku Ina Tara Takardu, Na Kasa Rubuta Babi Ɗaya

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Kano, shekarata 34, da aurena da 'ya'ya uku. Tun muna yara kakata take ba mu labarin tata kakar, wadda aka kama tana 'yar shekara goma lokacin Yaƙin Basasar Kano, aka sayar wa wani bafatake, ta ɗauki kaya a ka har Salaga ta ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau, ta yi shekaru a can, daga baya ta dawo Kano da 'ya'ya biyu. Da kakata ta rasu shekara uku da suka wuce, na ƙudura a raina sai na mai da labarin nan littafi. Tun lokacin nake karatu ina tara takardu, amma ko babi ɗaya ban gama ba. Abin da ya karya min gwiwa, na gano yaƙi ya watsa kasuwar Salaga tun 1892, Basasa kuwa sai 1893 aka fara. Ke nan labarin kakata ba gaskiya ba ne? In na rubuta abin da ban tabbatar ba, ba ƙarya na yi wa matattu ba? Baffana da ya ji ya ce in bar kaza cikin gashinta, kada in sa a riƙa yi mana gori da jinin bayi. Ƙawayena marubuta suna cewa ba mai karanta tarihi, soyayya ake saye. Maigidana bai hana ni ba, amma yana ganin wahalar banza nake. Wata rana in ji kamar in ajiye koyarwa in zauna wa rubutun, wata rana in ji kamar in ƙone takardun in huta. Cikin waɗanda suka san tsohuwar da ido, saura ƙanwar kakata kaɗai, ta tsufa ƙwarai, tana ƙauye. Ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan kakarki, Ya haskaka makwancinta.

Da maganar da kika bari sai ƙarshe zan fara, don ita ce ta gaggawa. Ƙanwar kakarki tana raye. Takardun da ke Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da na Gidan Ɗan Hausa nan Kano, ko shekara ashirin kika yi za ki tarar da su inda suke. Tsohuwa kuwa, rai a hannun Allah yake. Asabar mai zuwa ki nemi izinin maigida, ki sayi goro da sabulu, da turmin atamfa in da hali, ki cika wayarki da caji ki tafi. Kada ki zauna gabanta da littafi da biro kamar 'yar ƙidaya, bakinta zai mutu. Ki kwana biyu a ɗakinta. Ki yi mata tsifa, ki taya ta tsince wake, ki bar hira ta zo da ƙafarta.

Kada kuma ki ce mata "a wace shekara". Tsofaffinmu da abin da ya faru suke riƙe zamani. Za ki ji an ce shekarar Kakalaba, wato yunwar 1914, ko shekarar Marisuwa, annobar murar nan ta 1918, ko zamanin Sarki Abbas, wanda ya riƙe Kano daga 1903 zuwa 1919, ko shekarar da Sarauniya ta zo, 1956. Ke ce za ki dawo gida ki mai da su lamba. Tambayoyin da ke buɗe bakin tsohuwa ƙanana ne. Kakar nan taku tana da tsage a fuska, wane iri? Hausarta ta fita tas, ko akwai kalmomin da take karyawa? Wane abinci ne ba ta ci? In tana daka, wace waƙa take yi? In ta yi tuntuɓe, sunan wa take kira?

Shekarun baya na taɓa zama da wata tsohuwa a wani ƙauye kudu da Kano, ina neman labarin farkon zamanin Turawa. Kwana biyu ina tambaya, amsarta ɗaya ce: "Mu mata me muka sani?" A rana ta uku jikarta ta yi ɓarin gero a tsakar gida. Sai na ga tsohuwar nan ta durƙusa da ƙyar, tana tsince shi ƙwaya-ƙwaya tana zubawa a gefen zanenta, ba ta bar ko ɗaya wa kaji ba. Tana tsinta tana cewa uwarta ta gaya mata a shekarar yunwa gidan tururuwa suke tonawa, su kwashe ɗan hatsin da ta tara, su sheƙe ƙasar su dafa. Daga nan ba ta yi shiru ba sai magariba. Na karanta rahotanni da yawa a kan yunwar nan, amma ranar na san yadda zan rubuta ta.

Yanzu ga maganar shekarun da suka tsayar da ke. Binciken naki daidai ne. A 1892 rikicin sarauta ya ɓarke a Gwanja, aka ci Salaga da yaƙi, baƙin 'yan kasuwa suka watse, da yawansu suka gangara Kete Krachi a bakin kogin Volta. Basasar Kano kuwa ta biyo bayan rasuwar Sarki Bello a ƙarshen 1893, da Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka fice suka yi sansani a Takai ƙarƙashin Yusufu. Yusufu ya rasu, Alu ya karɓi jagoranci ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Duk wannan haka yake. Amma bai mai da kakarki maƙaryaciya ba. Labarin da ya ratsa bakuna uku cikin shekara ɗari da talatin, abin da ya fi saurin zamewa a cikinsa shi ne sunan wuri da jerin lokaci. Ciwon da ke ciki shi ne ba ya zamewa. Zai yiwu a bakin tsofaffi Salaga ta zama sunan duk wani zango na ƙasar goro, kamar yadda ake cewa wane ya tafi Ikko alhali wani gari yake a kudu. Zai yiwu an kama ta tun kafin Basasa, a ɗaya daga hare-haren da Ningawa suka sha kaiwa kudancin Kano, sai daga baya aka jingina abin ga yaƙin da kowa ya fi tunawa.

Akwai kuma hanya ta uku, kuma da ni ce ke ita zan bi. Ki bar shekarun yadda kakarki ta faɗa, ki bar Salaga yadda tarihi ya faɗa, ki haɗa su. Yarinya 'yar shekara goma ta yi watanni tana tafiya da kaya a ka, ta ƙetare kogin Kwara, ta ratsa ƙasar Borgu inda ayari ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan fashi, kullum tana jin manya suna Salaga, Salaga, garin rijiyoyi, garin da goro ke zube kamar tsakuwa. A wani zango labari ya iske madugu cewa garin ya ƙone, mutane sun tashi. Ga bashi a wuyansa, ga jakuna sun rame, ga kanwa da tufafin da ya ɗauko ba mai saye a inda ya sa rai. Ya juya, ko ya ci gaba? In ya ƙuntata, me zai fara sayarwa? Yarinyar ta san amsar wannan tambayar, ko ba wanda ya gaya mata. Kin ga abin da kike kuka da shi ya ba ki tsakiyar littafinki. Mai rubuta tarihi zalla, in ya tarar da saɓani irin wannan, dole ya tsaya ya ce hujja ba ta kai ba. Ke aikinki daga nan yake farawa.

Tsoron yi wa matattu ƙarya kuwa, na ji daɗi da kike da shi, kada ki yar da shi gaba ɗaya. Amma ki duba. Ƙarya ita ce ki ce wa mutum ga abin da ya faru, alhali kin san bai faru ba, kina so ya gaskata. Wanda ya ɗauki littafi ya ga an rubuta ƙagaggen labari a bangonsa ya san yarjejeniyar da ya shiga, kamar yaron da ya ji "ga ta nan, ga ta nanku" ya amsa "ta zo mu ji ta". Kakanninmu ma sukan wanke kansu a ƙarshe su ce ba don gizo ba da na yi ƙarya. Wannan damuwa taki tsohuwa ce. A 1933, da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, sai da Baturen da ke shugabancinta, Rupert East, ya zagaya garuruwa yana lallashin malamai, don a ganinsu ƙaga labari aikin tatsuniya ne, bai dace da mai ilimi ba. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar, biyu a kan tarihi suka tsaya. Ganɗoki na Malam Bello Kagara ya fara ne da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma labarin bauta ne da fataucin hamada, har da uwar da ta bi sawun ɗanta aka bautar da ita a hanya. Wato abin da kike son yi, da shi aka buɗe ƙofar rubutun zube na Hausa. Sai dai a can namiji ne ke ba ɗalibansa labari. Muryar macen da ta ɗauki kayan a ka, har yau ba mu ji ta sosai ba.

Iyakar da nake sa wa kaina ita ce wannan. Abin da aka sani tabbas, ba na taɓa shi. Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sarki Alu ba ya gari. Jirgin ƙasa ya iso a 1911. Ba ni da ikon matsar da su don labarina ya yi daɗi. Amma abin da wata baiwa ta ci a daren da za a ƙetare Kwara, wadda ta raba mata zane da sanyi ya sauko, abin da ta ce a ranta da ta ga an ƙidaya wuri a kanta, ba wanda ya rubuta, ba kuma wanda zai rubuta in ba ke ba. Nan ki saki jiki. A ƙarshen littafin ki ware shafi ɗaya ko biyu ki gaya wa mai karatu ga abin da ya tabbata, ga abin da na ji a bakin kakata, ga abin da na ƙaga. Wannan ya sauke miki nauyi.

Manyan mutane kuma, sarakuna da malaman da zuri'arsu ke nan kuma jama'a ke girmamawa, ki bar su daga nesa. Kada ki sa musu maganar da ba su yi ba, kada ki shiga zuciyarsu. Yarinyarki ba za ta taɓa zama a fada ba. Abin da za ta sani na Tukur da Alu shi ne ƙurar dawaki, da hayaƙin rumbunan garinsu, da sunayen da take jin manya na faɗa ƙasa-ƙasa. Hakan ya fi gaskiya, ya kuma raba ki da rigimar da ba ki da bukata.

Inda marubutanmu suka fi faɗuwa shi ne ƙananan abubuwa. A labarina na farko na sa wani mutum na zamanin Alu ya ce za su haɗu da ƙarfe huɗu. Wani dattijo da ya karanta ya aiko min da saƙo cikin ladabi, ya ce 'yata, wa ya ba shi agogo? Gaskiyarsa. Mutanen nan da asuba da hantsi da walaha da azahar da la'asar da almuru suke auna yini. Ba ashana, ƙyastu ne. Ba kananzir, fitilar kasko ce da mai da lagwanin auduga. Ba sule ba kwabo, wuri ne, ana ƙidaya shi zambar-zambar, a ɗure dubu ashirin a keso guda. Ba wanda zai ce Najeriya ko Ghana, ko ya kira kansa ɗan Arewa. Bakano ne, ko Bakatsine, ko Bagobiri, za shi Gwanja. Har farashi ki kiyaye. Bature Barth, wanda ya zo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya rubuta cewa wuri 2,500 ake canza dalar azurfa ɗaya. Amma darajar wuri ta yi ta faɗuwa a shekarun da suka biyo, don haka kada ki ɗauki lissafin 1851 ki ɗora wa 1894.

Wanda ya fi wannan wuya shi ne tunani. Kada ki ɗauki zuciyar 'yar jami'a ta yau ki sa a ƙirjin yarinyar. Za ta ƙi halin da take ciki, za ta yi kukan uwarta, amma da kalmomin zamaninta za ta yi mafarkin fita: ko danginta su zo da fansa, ko a yarda mata da murgu ta riƙa sana'a tana biya, ko ta gudu, ko ta haifa wa ubangidanta ɗa matsayinta ya canza. Shi ma bafataken kada ki mai da shi dodo. Mutum ne mai salla da azumi, mai yiwuwa mai kyauta, wanda bai taɓa ganin aibin sayen yarinya ba. Wannan ya fi dodo ban tsoro, kuma shi ne gaskiyar zamanin. In kin rubuta shi haka, mai karatu zai yi hukunci da kansa ba sai kin yi masa wa'azi ba.

Tun da kin yi shekara uku kina karatu, ba zan ƙara miki tulin littattafai ba. Muryoyi uku kawai nake so ki tabbatar kin ji, don na cikin gida ne. Akwai Baba ta Karo, da aka haifa a 1877, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. A nan za ki ji yadda mace ke ba da labarin hari da rinji, wato ƙauyen bayi, da fansar dangi, da aure da kishi da ƙawance. Akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka bautar, daga baya ya bi Barth har Ingila, aka rubuta labarinsa da Hausarsa. Shi zai nuna miki yadda kamu yake a idon yaro. Sai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga, yaƙin ya tashe shi, ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Hausa da Larabci. Wannan a hanyar kakar kakarki ya bi. Rahotannin Turawan mulki kuwa ki karanta su da ido biyu. Wanda ya ci ƙasa da yaƙi ne ya rubuta, ta bakin tafinta, kuma yana da dalilin nuna cewa kafin zuwansa komai duhu ne. Tarihin fada shi ma don sarakuna aka tsara shi, talaka ba ya fitowa sai in an kashe shi da yawa.

Sauran binciken da ƙafa ake yi, gani ya kori ji. Ki je kasuwar goro ta Mariri ki nemi wani dattijo ki ce ya bar ki ki ga ana kwance huhu. Ki ga yadda ake ɗaga ganye, a yayyafa ruwa, a bi goro ɗaya-ɗaya da yatsa ana fid da wanda sankara ta kama kafin ya ɓata 'yan'uwansa, a ƙidaya ɗari a ce ƙwarya. Ki shaƙi ƙamshin ganyen da ya jiƙe. Wannan aikin fatake ke yi a hanya, zango bayan zango, watanni, kuma da wuya a ce ba a sa yarinya irin taki ba. Ki je Ƙofar Mata ki ga marina, ki tsaya wajen mabuga ki ji yadda ƙarar ke shiga ƙirji. Ki ɗora tulu cike da ruwa a kanki ki zagaya tsakar gida sau ashirin, ki lura da inda ya fara ciwo. A wuya ne ko a ƙugu? Wannan jimla ɗaya za ta ba ki, amma jimlar da ba mai iya ƙaryatawa.

Bayan wannan ki rufe littattafan. Ina faɗa miki da ƙauna, bincike ya zame miki maɓoya. Karatu yana da daɗi, ba ya kunyata mutum. Rubutu shi ne ke nuna maka iyakarka, shi ya sa hannu ke gudunsa. Ba ranar da za ki san komai. Ki fara, in kin zo inda ba ki sani ba, misali me ake biyan masu fito a bakin kogi, ki sa alama ki wuce, ki tara tambayoyin ki neme su a hutun makaranta. Labarin ne zai gaya miki abin da yake bukata, za ki kuma ga kashi mafi yawa na abin da kika tara ba zai shiga ba. Kada ki tura shi da ƙarfi don kin sha wuyar samunsa. Mai karatu yana gane inda marubuci ya ajiye labari ya hau karanta lacca.

Maganar Baffa ba ta wasa ba ce, kada ki raina ta. Ya san abin da yake tsoro. Har gobe akwai gidajen da in an zo neman aure ake tona asali, ana kuma fasawa a kan abin da ya wuce shekara ɗari. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, ba bawa ba, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936, amma gori bai bi doka ya tafi ba. Baffa yana da 'ya'ya mata, su yake kallo. Ki je har gida ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce Baffa na ji maganarka, ba zan sa sunan gidanmu ba, ba sunan garinmu, ba sunan kowa namu. Kuma ki cika. Ki canza ƙauyen, ki canza sana'ar gidan, ki mai da 'ya'ya biyu uku. Ko a hira da 'yan jarida, in Allah Ya kai mu, ya isa ki ce labari ne da kika ji a bakin tsofaffi. Wannan ita ce falalar ƙagaggen labari a kan tarihin zuri'a: za ki faɗi abin da ya faru ba tare da kin nuna ƙofar kowa ba. In kin ga fuska, ki tuna masa a hankali cewa a shari'a ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne cikakke, kuma sarakuna da dama a ƙasar nan ta wannan hanya suka zo duniya. Yarinyar da aka sace ba ta yi abin kunya ba. Amma kada ki je da niyyar ka da shi a muhawara. In ya ce Allah Ya taimaka, kin samu. In ya yi shiru, shirun babba ma amsa ce. In ya dage kan a'a bayan duk wannan, ki ci gaba da rubutunki a ɗakinki, maganar bugawa a sake ta da ita idan littafi ya kammala, don yanzu gardama ake a kan abin da babu shi.

Ƙawayenki sun faɗi rabin gaskiya. Labarin soyayya ya fi saurin tafiya, tun zamanin littattafan kasuwar Kano har zuwa yau da ake sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ana karanta wasu a YouTube. Ba na raina masu yin sa, da yawansu sun koya wa mata karatun Hausa fiye da aji. Amma waɗanda ke biyan kuɗi su bi labari kullum, abin da suke bi shi ne mutumin da suka damu da shi, suna so su san me zai same shi gobe. Yarinyar da aka raba da uwarta, ta girma a zango, ta so wani aka hana ta, ta haihu, ta yi ta neman hanyar gida, wace mace ce za ta ajiye wannan a tsakiya? Abin da mutane ke gudu shi ne darasin tarihi da aka yafa wa mayafin labari. Sai dai ina ba ki shawara kada ki fara sakin sa a waya kafin ki gama. Irin wannan littafi yana bukatar a koma baya a gyara, kuma matsin masu cewa "Anti a ƙara mana" zai sa ki saki ɗanye. Ga kuma masu kwafe aikin mutum su yi ta rabawa kyauta. In kina son gwada muryarki a idon jama'a, ki yanko yanki guda ki mai da shi gajeren labari mai tsayuwa da ƙafarsa, ki shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara don mata a 2016.

Aikinki kuwa, kada ki ajiye. Na faɗa da babbar murya. Kaɗan ne ƙwarai cikin marubutan Hausa ke ci daga littafi kaɗai, kuma yawanci marubuci ne ke biyan kuɗin ɗab'i daga aljihunsa, ga takarda ta yi tsada. Albashin nan, komai ƙanƙantarsa, shi ne zai ba ki damar rubuta abin da kike so ba abin da kasuwa ta ce ba. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga gasar 1933, Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauci. Kuma ke da kike rubuta yarinya 'yar shekara goma, kullum kina tsaye gaban aji cike da irinta. Ki dube su. Yadda suke yin shiru in sun ji tsoro, yadda suke dariya minti biyar bayan kuka. A can Ingila ma, Hilary Mantel ta gama littafinta na farko a kan juyin juya halin Faransa a 1979, aka ƙi bugawa, bai fito ba sai 1992, babbar kyautar adabi ta Booker kuwa sai 2009 ta zo mata. Wannan sana'a ba ta gaggawa ba ce.

Abin da kike bukata sa'a ɗaya ce da ba mai taɓa ta. Ga mai 'ya'ya uku, na fi ganin bayan sallar asuba kafin gida ya tashi, ko bayan isha in sun kwanta, ke kika san jikinki. Kada ki ce wa maigida ya goyi bayan burinki, wannan magana ce mai faɗi, ba zai san inda zai kama ba. Ki roƙe shi abu guda ƙarami: ranar Asabar da safe ya riƙe yara sa'a biyu. Maza da yawa da ke ganin abu wahalar banza ne sukan sauko ranar da suka ga shafuka sun taru. Kalma 300 a rana, kwana biyar a mako, cikin mako arba'in kin tara 60,000, littafi ke nan. Na farkon zai fito da rauni, na kowa haka yake fitowa. In kin gama ki ajiye shi wata guda, sa'an nan ki ba mutum biyu: wanda ya san tarihi ya kamo miki agogo da ashana, da wata da ba ruwanta da tarihi, ki ce ta sa alama duk inda ta ji barci. Ki kuma karanta shi da ƙarfi. Tun da takardun da kika sha karantawa da Turanci suke, Turancin zai so ya biyo ki cikin jimla, kunne ne kaɗai ke kama shi.

In kin je wurin tsohuwar, ki gaya mata za ki ɗauki muryarta, kada ki yi a ɓoye. Da kin dawo ki ajiye abin da kika ɗauka a wuri biyu, waya tana faɗawa ruwa. Kuma kafin ki taso, bayan hira ta yi nisa, ki tambaye ta abu ɗaya. Sau da yawa wanda aka saya akan sake masa suna a gidan da ya shiga. Ki tambaye ta ko ta taɓa jin sunan da iyayen yarinyar suka raɗa mata ranar suna, kafin a kama ta. In ta tuna, ki riƙe shi a gida, ku riƙa sa ta a addu'a da shi, ki sa wani a littafi. Ki rubuto min abin da ta ce, tare da shafi goma na farko.